Ranar da Ɗan Rakiya Ya Hau Kujera

Ko na bar aiki, ba zan manta ranar da Sanusi ya zo asibitinmu a Goronyo ba, lokacin cirar albasa. Ni ma'aikacin haƙori ne, ƙasa da likita. Ina duba baki in wanke shi, abin da ya fi ƙarfina in tura Sakkwato.

Sanusi manomi ne daga Rimawa, bai kai talatin ba, amma dasashinsa na zubar da jini, haƙoran gaba biyu na girgiza. Irin wannan ciwo ga matashi yakan bi jini, shi ya sa ƙa'ida ce mu tambayi tarihin gida. In gado ne, wanki ɗaya bai isa, sai an riƙa bibiya, a kira 'yan'uwa. In anka yi sake, haƙoran sun tafi.

Na ce, "Baba fa, haƙoransa na nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Lahiya lau suke."

Na san wannan amsa. Ɗa ba ya tona bakin ubansa gaban baƙo.

Sai Ummaru, wanda ya kawo shi bisa babur, ya leƙo ta taga. Taubashinsa ne, kun kuwa san bakin taubashi ba ya da linzami.

"Likita, ƙarya ce. Kawu tun yana da arba'in ya yi bankwana da nama. Gidansu in anka yi layya, mu ka cin soye, su su sha romo."

Sanusi ya ce, "Ummaru, ka ji tsoron Allah."

Na bar shi ya yi ta zuba, har kakansu ya tono. Wallahi na ji daɗi, aikina yake yi mani. Da ya gaji na ce, "Ummaru, mi ya haɗa ku?"

"Innata da babansa uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ita Inna, mi take ci ran layya?"

Can ya ce, "Ita dai tana son romo."

"Shigo ka hau kujera."

Ina taɓa dasashinsa da ƙarfen awo, jini ya biyo. Sanusi ya riƙe haɓa yana dariya har da hawaye.

Na Ummaru mun tare shi da wuri. Sanusi ya rasa haƙori ɗaya, sauran munka riƙe. Tun daga nan, in mara lafiya ya ce mani gida lafiya lau, nakan leƙa in ga wa ya rako shi. Har yanzu tare suke zuwa wanki, sai dai Sanusi ke tuƙa babur, Ummaru na baya, baki rufe.