Baba Mika'ilu, Direban da Ya Yi Kiwon Mota

Kafin ya taɓa makulli, Baba Mika'ilu sai ya durƙusa. Duk mai bi ta layinmu a Kontagora bayan an sauko daga sallar asuba ya san wannan: dattijo siriri da hularsa da ta koɗe, ya buɗe ƙofar baya ta a-kori-kura, ya sa gwiwa a ƙasa, ya ciro ɗan buroshi daga aljihu yana share wata 'yar raga da ke gindin kujera. Ta nan batirin motar yake shan iska. In ya gama sai ya yi bisimilla ya tayar, ya kara kunne ya ji fankar tana juyawa, sannan ya kama hanyar Bobi. Kafin rana ta yi zafi ya dawo da madara cike da manyan gwangwanaye.

Ni yogot nake yi, kuma a ƙofata ake sauke yawancin madarar nan, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Motar ta matan Bobi ce, ƙungiyar masu sayar da madara da Inna Zinariya ke shugabanta. Wasu masu ba da tallafi ne suka kawo musu ita shekara goma sha wani abu da suka wuce, ba ma sabuwa ba. Irin wadda ake kira haibirid ce, fetur da babban batir suna karɓa-karɓa. Ranar da ta iso, 'yan tasha har da tafa hannu. Suka ce wannan ba za ta ga damina biyu a hanyar daji ba, kuma ranar da batirin ya mutu shi ke nan, don babu shi a Kontagora, babu shi a Minna, sai an aika Legas, kuma ko matan sun tuɓe 'yan kunnensu duka ba za su iya sayensa ba. Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce, kowa ya sani.

To, a hannun Baba Mika'ilu aka danƙa ta. Mutumin nan kuwa akwai ka'ida kamar me! Ba ya ajiye ta a rana. Zai zagaya kasuwa yana neman inuwa kana tsaye kana jiransa, ranka na ɓaci, shi ko a jikinsa. In wata ta shigo baya ta jingina ƙunshin kayanta a jikin ragar nan, sai ya waiwayo ya ce, "Inna, kin toshe mata hanci." Yero, wani makiyayi a Bobi, ya ba ni labarin ranar da rafi ya kawo bayan ruwan safe. Manyan motoci suna ta faɗawa suna wucewa, direbobi na yi masa ihu wai tsoro ya kama tsoho. Ya kashe mota, ya jiƙa buhuna ya lulluɓe gwangwanayen, ya zauna a kan dutse har ruwan ya ja. Ranar na yi masa faɗa sosai saboda latti. Ya bar ni na gama, ya ce, "Hajiya, madarar yau na jinkirta miki. Da na shiga, ta bana ce za ki rasa."

Sai shekarar nan ta zo da ba ma son tunawa. 'Yan bindiga suka matsa wa hanyoyin wajen, mutane da yawa suka kora shanunsu suka yi nisa, madara ta yanke. Inna Zinariya ta zo gari da kanta ta ce a kai motar gidan wani ɗan'uwanta, a rufe ta da tamfol, kada wanda ya taɓa ta sai Allah ya kawo sauƙi. A ganinta adanawa ke nan, kuma wa zai ga laifinta? Haka kowa yake yi da abin da yake ji da shi.

Baba Mika'ilu ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ba a ajiye ta. Batirinta in ya daɗe a zaune tsiyayewa yake yi a hankali, in kuwa ya kai ƙasa ba ya tashi kuma."

Ta ce, "Malam, abin da aka rufe aka ɗaure, me zai cinye shi?"

Ya ce, "Zaman ne zai cinye shi."

Ba ta gamsu ba, amma ta bar masa makullin, ta koma wajen iyalinta. Aiki ya tsaya, albashi ya tsaya. Shi kuwa duk bayan 'yan kwanaki sai ka gan shi ya yaye tamfol, ya share ragarsa, ya zuba ɗan mai daga aljihunsa, ya fito da mota babu kaya babu fasinja. Ya bi titin cikin gari a hankali, ya ɗan miƙa bayan gari inda hankali yake kwance, ya juyo, ya mayar da ita inuwa. Ba a daɗe ba 'yan acaba suka sa masa suna. In ya doso sai ka ji, "Ga mai kiwon mota nan, ya fito da ita ta ci ciyawa!"

Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne maganar da aka kai wa Inna Zinariya, wai yana kabu-kabu da motar mata, yana kashe musu batir don cikinsa. Haba jama'a! Mutumin da nake gani da idona yana wucewa wayam, matarsa na sayar da ƙuli-ƙuli su ci? Inna ta aiko a karɓi makulli. Ya ce wa ɗan aiken, "Ka gaya mata makulli nata ne, ta zo in ba ta hannu da hannu. Kafin ta zo zan ci gaba." Ya kuwa ci gaba, da suna a kansa da zargi a kansa, har damina ta wuce, rani ya wuce.

Baba, kai ne ka riƙe amanar mutanen da su kansu suka daina yarda da kai. Kai ne ka zaɓi a zage ka a kan ka yi abin da aka ce, ka wanke hannunka, motar ta mutu a ƙarƙashin tamfol ba laifinka.

Da al'amura suka lafa, mutanen Bobi suka fara dawowa da shanunsu. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, madara ta yi yawa har ana rasa mazubi. An gwada ɗaukowa a babur, kafin a iso rana da girgiza sun tsinka ta. Ana cikin haka labari ya zo daga wajen Mashegu cewa 'yar'uwar motar nan, wadda aka ba wasu manoma lokaci ɗaya, an yaye mata tamfol an yi an yi ta ƙi tashi, yanzu kaji ke kwana a cikinta. Inna Zinariya ta shigo gari da mata biyu, fuskarta babu walwala. Ta tsaya a shagona ta ce, "'Yata, waccan da aka ajiye ma ta mutu, balle tamu da aka yi ta wahalarwa."

Muka ɗunguma garejin Jacob, mai gyaran wayar mota, wanda yake da na'urar da ake jona wa irin waɗannan motoci ta faɗi lafiyar batir. Ya jona, ya sa Baba ya taka totur, ya sa ya saki, yana kallon fuskar na'urar. Ni dai abu ɗaya nake tunani. In batirin ya tafi, matan nan sun koma tallan nono a ka, ni kuma in rufe shago.

Jacob ya cire gilashin idonsa ya ce, "Mama, batirin nan tsoho ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma da ransa, kuma duk ƙananan ɗakunan da ke riƙe wuta a cikinsa kai ɗaya suke, babu wanda ya faɗi ya bar 'yan'uwansa. Wa ya riƙa motsa ta duk wannan lokaci?"

Duk muka juya muka dubi Baba Mika'ilu. Inna Zinariya ta nemi wata tsohuwar taya ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska, sai hamdala take yi. Wallahi ni ma sai da na taya ta hamdalar don daɗi.

Washegari da madarar farko ta iso ƙofata, Inna tana zaune a gidan gaba na motar. Na miƙa hannu zan fara awo ta ce in dakata. Ta buɗe gwangwani ta cika ƙwarya, ta russuna a gaban Baba Mika'ilu, babbar mace irinta, a bainar jama'a. Ta ce, "A wurinmu wanda ya riƙe maka saniya shi ke fara shan nononta. Malam, na saurari abin da bai kamata in saurara ba. Ka yafe mini." Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Babu komai, Inna," ya sha.

A ƙarshen watan nan Baba zai ajiye tuƙi. Idonsa ya fara hazo, kuma shi da kansa ya faɗa tun kafin wani ya lura. Lukman, magidancin da zai karɓa, ya daɗe yana bin sa yana koyo. Jacob ya ce batirin zai ƙara kai su wani lokaci mai tsawo in an ci gaba da lallaɓa shi, kuma matan sun fara shirin ranar canza shi tun yanzu, cikin natsuwa, ba a guje ba.

Masu riƙe da kayan jama'a, janareton asibiti ne ko famfon unguwa ko motar makaranta, ga mutum nan a garinku, ku je ku gan shi tun yana iya gane fuskokinku. Ku koyi yadda ake kula da abin da ba naka ba a lokacin da babu mai biya, babu mai yabo.

Baba Mika'ilu, mai amana, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka huta cikin rufin asiri. Matan Bobi sun gode, ni ma na gode. Ka kwanta ka yi barcinka na safe, gobe akwai madara a Kontagora.