Mai Buhun Dutse a Tashar Ƙaura

A tashar motar Ƙauran Namoda na ga wani dattijo zaune bisa buhu, ya hana 'yan dako taɓa shi. Tafin hannunsa duk kanta, irin ta mai riƙon fartanya, amma farar ƙurar da ke gemunsa ba ta gona ba ce. Buhun cike yake da litiyam, dutsen nan da ake haƙowa a daji, wanda aka ce da shi Turawa da 'yan Sin ke yin batirin motar lantarki.

Ya ciro ɗaya, ya tofa masa yawu, ya goge da bakin riga, ya miƙa wa wani dillalin dutse.

"Baba, kasuwa ta faɗi," in ji dillalin. "Dutsen ya yi musu yawa can."

Dattijon bai tsaya ciniki ba, ya ɗaure buhunsa. "Rumbu zan zuba shi kamar gero, har shi yi tsada. Ai ƙwaro ba ya cin dutse."

Ina zaton bana haƙa ta hana shi shuka, shi ya sa rumbun yake wayam. Ina kallonsa yana neman motar Zurmi, na kasa ce masa yara ma ba sa ci.