Mala Mai Rediyo da Akwatin Ruri

Mala Mai Rediyo ɗan Dukawuya ne, kakanninsa Barebari malaman allo, shi kuwa ya ɗauki dalma da waya. Rumfarsa tana wani lungu a Ƙofar Wambai, tsakanin masu robobi da masu gwanjo. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne: cire ƙara daga cikin na'ura. Amfilifayar masallaci in ta kama ƙugi, ko lasifikar biki ta shaƙe, wurinsa ake kawowa, ta fita tana magana tas. Ba shi da allon talla, ba ya kuma iya zaƙin baki. Abin da yake ci da shi a kasuwar nan sunansa ne, an san aikinsa ba ya dawowa.

Wata Talata sai ga Ɗayyabu tela, wanda ke kaɗa jita a wani situdiyo in ya tashi daga ɗinki. Ya nuna wa Mala zane a wayarsa, ya ce ɗan akwati yake so, wanda ake takawa da ƙafa muryar jita ta canja. Na kanti ya yi masa tsada. Mala ya ƙura wa zanen ido, ya ce ya dawo Asabar.

Ya yanko allon bero, mai ƙananan huda da layukan jan ƙarfe a bayansa. Duk inda zane ya ce layi ya katse, sai ya sa bakin abin huda ya murza da yatsu har jan ƙarfen ya rabu. Ya dasa aisi a tsakiya, ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ya jera rasistoci da kafastoci, ya bi su da dalma, ya ja tsinin wuƙa tsakanin layuka don kada su haɗe. Da ya jona batir ya gwada da rediyo, sai abin ya kece da ruri kamar an shaƙe bijimin sa. Mala ya girgiza kai, ya ce wanda ya yi zanen nan bai san aiki ba. Ya cire dayod biyu da ke datse sauti, ya rage ƙarfin aisin, murya ta fito garau. Ya ji daɗin kansa.

Ranar Litinin Ɗayyabu ya dawo da akwatin a leda, jita a kafaɗa.

"Baba Mala, ai ka yi masa wanka. Dattin nan da ka cire shi na saya."

Hambali mai bokitai, maƙwabcin Mala, ya leƙo yana dariya, ya ce yau dai ya ga aikin Mala ya dawo da ƙafarsa, bari ya je ya shaida wa 'yan layi. Abin ya ci wa Mala rai. Ya ce Ɗayyabu ya kunna masa irin sautin da yake nufi. Ya saurara a waya har sau da yawa, fuska a murtuke. Daɗi dai bai ji ba, sai dai ya lura da abu guda: in makaɗin ya dafe tsirkiya, rurin yakan ɗauke ɗif. Ashe ba lalacewa ba ce, ruri ne mai jin magana.

Ya mayar da dayod ɗin, ya buɗe wa aisin ƙarfinsa. Nan wahalar ta fito, don ƙarfi mai yawa yana jawo tsuwa da ƙugin wutar lantarki, waɗanda ba wanda ya saya. Ya gajarce wayoyi, ya raba ta shiga da ta fita, ya je wurin masu zubin tukunya suka zuba masa gidan alminiyam mai kauri, ya ɗaure masa wayar ƙasa mai kwashe ƙugi.

Ranar gwaji da hantsi Ɗayyabu ya taka makunnin ya kaɗa. Bokitan Hambali suka yi rawa, masu gwanjo suka miƙe tsaye. Daidai lokacin Malam Hashim ladan ya iso da amfilifayar masallacinsu a hammata. Ya ja ya tsaya, ya dubi akwatin, ya dubi Mala, ya tambaya a hankali ko aikinsa ne wannan. Hambali ya riga kowa amsawa, ya ce na Mala ne, har sai da aka maimaita aikin.

Malamin ya fara juyawa zai tafi da kayansa. Mala bai roƙe shi ba, ya dai ce wa Ɗayyabu, "Dafe tsirkiyar."

Ya dafe. Lasifika a ƙure take, amma ko shuu ba a ji, har ana jin mai rake yana ciniki a bakin titi. Mala ya sa ƙafa ya kashe makunnin, jita ta dawo da muryarta mai sanyi.

Malam Hashim ya ajiye amfilifayar a kan benci.

"Tawa dai kiran salla za ta yi, Mala. Kada ka sa mata wannan."

Mala ya ce ya zo ya ɗauka kafin la'asar. Ya miƙa wa Ɗayyabu akwatinsa, ya ce sauran gwajin ya je can situdiyo ya ƙarasa, sannan ya jawo sukudireba ya fara kwance murfin amfilifayar.