Ranar da Aka Nome Mini Tafki

Ba a daɗe da tafiyar Turawa ba malaman gona suka fara zagaya ƙauyukanmu na ƙasar Makarfi a kan kekuna. Wani ya zo da irin auduga, wani da takin zamani a buhu. Wanda ya faɗo a rabona wani dogo ne mai tabarau daga Zariya, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya ce ana kiwon kifi kamar yadda ake kiwon kaji. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da mata da 'ya ɗaya, kuma zaman gandu ya kai mini iya wuya.

Gidanmu gandu ne, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Baba ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, don haka Yaya, babban wana, shi ke faɗin inda za a noma, shi ke auno hatsi. Yaya ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya tunda yanzu yana ƙasa. Amma mutum ne wanda ko ruwa za ka sha sai ya ce ka cika kwanon da yawa. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Kusan kullum sai mun yi.

Na je na durƙusa gaban Baba na roƙi ƙarshen fadamarmu, ta wajen hanyar Gazara, inda ruwa ke kwanciya. Yaya ya ce sam, a nan yake shirin ƙara rake. Sai Baba ya ce, "Na ba ka shekara guda. In kifi ya fito, wurin ya zama naka, ka ware tukunyarka. In bai fito ba, da hannunka za ka cike ramin, ka koma bayan yayanka, kuma kar in sake jin maganar."

Na amsa da sauri kamar za a ƙwace.

Wata biyu na yi ina haƙa da rani, har tafin hannuna ya daina jin zafi. Malamin gona ya kawo 'ya'yan karfasa a garwa biyu, a motar kasuwa, na ɗauko su a ka daga Makarfi ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Ya ce in riƙa ba su dusa, kuma in zuba kashin shanu kwando ɗaya a mako, don ruwan ya ɗan yi kore, ƙananan abubuwan da kifi ke ci su fito.

Kwando ɗaya! Ni da na tashi a gidan noma, ina na taɓa jin taki ya yi yawa? Fulani sun sauka a gonarmu bayan girbi, taki ga shi nan a banza. Na riƙa loda wa jaki mangala ina juyewa a tafki, ina ji a raina na fi Malam wayo. Wannan wautar tawa ce, ban taɓa ɗora wa kowa ita ba.

Da zafin bazara ya shigo sai gansakuka ta fara. Da fari zare-zare ne kore a gefe. Kafin mako biyu ta haɗe ta zama kamar tabarma a kan ruwa, ta yi kumfa ƙulu-ƙulu irin bororon ƙuna, in rana ta take sai ka ga tana kumbura. Ta rufe fiye da rabin tafkin. Hankalina ya tashi. Na ari keke na bi Malam har kasuwar Hunkuyi, na ce ya taimake ni don Allah.

Ya zo washegari. Ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu, ya shinshina, ya dube ni ta saman tabarau.

"Jaki nawa ka zuba?"

Na sunkuyar da kai.

Bai yi faɗa ba. Ya ce in daina taki ɗungurum. Ya ce in samo kwando in riƙa shiga a hankali, in sa shi a ƙarƙashinta in ɗago ta ɗungum, kar in yage ta, kar in fasa kumfar, don ko ɗan guntu ya tsira sai ya zama sabuwa. In kai ta can nesa a kan tudu ta bushe. Abin da ya fi nanatawa shi ne kar in dama laka, kuma kar in bari ta mutu a cikin ruwa. "In ta ruɓe a ciki, za ta shanye numfashin ruwan, kifi su shaƙe. Kaɗan-kaɗan, kullum. Ka ji ko?" Na ce na ji. Ya hau kekensa, ya ce an tura shi wajen Ikara, sai bayan wata guda.

Haka na fara. Kowace safiya in karɓi kwandon maiɗakina in shiga ruwa har ƙugu, ina taka ƙasa kamar ɓarawo. Aiki ne mai cin rai. Ka kwashe kwando goma, gobe ka tarar uku sun dawo. Ga masu matsar rake suna dafa mazarƙwaila a kan tudu, ba su da aiki sai ni.

"Sannu da tatar kamu! Yau koko za a dama mana?"

"Kai, a saya masa zane mana, ya cika!"

Wallahi akwai ranar da na ajiye kwandon na nufo su da niyyar dambe, sai na tuna in na fito da gudu zan dama laka. Na haɗiye. Amma ina cin galaba. Bayan kwana goma sha wani abu ruwa ya buɗe sosai, in na watsa dusa sai in ga bayan kifayen yana walƙiya, sun kusa kai tafin hannu. A raina har na fara zaɓen inda zan gina rumbuna.

To, magana ta kai kunnen Baba. An ce masa ɗansa yana can shi kaɗai a ruwa da kwandon mata, gari yana yi masa dariya.

Wata ranar da yamma na dawo na tarar gida ya kacame. Mata suna daka a turmi uku, an buɗe rumbu, ga ɗan akuya a ɗaure. Baba yana zaune a zaure fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun idonsa na gani.

"Zauna," ya ce. "Na kira maka gayya. Gobe gari zai fito ya nome maka ciyawar nan kaf. Ɗana ba zai zama abin dariya ba ina numfashi."

Na ce, "Baba, ai Malam ya ce a bi ta a hankali."

"Malam ya fi ni sanin ciyawa? Tun ba a haifi ubansa ba nake kashe ta. A sare, a birkice, a binne, ta zama taki. Haka ake yi."

Nan ne wurin da ya kamata in gyara zama in yi masa bayani dalla-dalla, ko da zai ji haushi. Ban yi ba. An riga an aika wa makaɗi goro, an gaya wa dattawa, hatsi yana turmi. Kuma tun da aka haife ni Baba bai taɓa tsaya mini a gaban jama'a irin haka ba. Ba zan ɓoye ba, akwai wani ɓangare na zuciyata da yake son masu matsar raken nan su ji ana kaɗa mini ganga. Na ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma."

Da hantsi suka iso, maza wajen talatin, da fartanya da hauya da lauje. Makaɗi ya saki gangar noma. Suka jeru a bakin tafki kamar yadda ake jeruwa a kan kunya, aka yi ihu, suka afka. Inna lillahi! Sara suke yi, suna dagargaza ta, suna fasa kumfar da ƙafa, suna turmusa ta cikin laka kamar masu huɗa. Yaya ne a gaba, ya tuɓe riga, ba wanda ya kai shi aiki. Da zuciya ɗaya yake yi, na tabbata. An shimfiɗa wa Baba buzu a inuwar mangwaro, yana gyaɗa kai da kiɗa, yana tambayar na kusa da shi, "Tana mutuwa? Tana mutuwa ko?"

Ina tsaye a gefe kamar an dasa ni. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Mai tafki ya zama ɗan kallo?" Makaɗi ya juya kaina yana wasa ni. Na karɓi fartanya na shiga. Na sara tare da su, har na fi wasunsu. Tir da ni.

Kafin azahar babu kore ko ɗigo. Ruwan ya koma baƙi-ƙirin, mai kauri kamar kunu. Aka ci tuwo da nama, aka sha fura, dattawa suka sa albarka. Baba ya laluba ya dafa kaina.

Washegari ba abin da ya faru sai ɗan wari. Na fara cewa ko Malam ya cika tsoro ne. Kwana na uku, da gari ya waye, na tarar da kifayen duka a saman ruwa, bakuna a buɗe suna haki. Na ruga na kira maiɗakina. Muka riƙa ɗebo ruwa daga rafi da masaki da tulu muna watsawa, tana kuka, ni ina zagin kaina da ƙarfi. Ina! Ruwan tulu a tafki? Kafin rana ta take fararen cikkuna sun rufe ko'ina. Muka kwashe abin da za mu iya, ta yi bandar kaɗan daga ciki, saura shaho da karnuka suka samu. Warin ya kai har cikin gari.

Bayan mako guda gansakukar ta dawo. Wannan karon daga baki zuwa baki, ba inda ta bari, don kowane guntu da aka sara ya tashi.

Baba ya aika a kira ni. Na same shi a zaure, Yaya na gefe. Baba ya rame a kwanakin nan, an ce ko tuwo ba ya iya ci.

"An gaya mini Malam ya hana a taɓa ƙasan ruwan," ya ce. "Ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Gayyata ce ta kashe su? In ita ce, laifina ne, kuma na ƙara maka shekara."

Ga fadamata an ajiye mini a gaba. Kalma ɗaya ce. Na san yadda zan gyara, na san kwando ɗaya na taki, na san komai yanzu. Na dubi Yaya, ya kafa idonsa a ƙasa. Na dubi tsohon nan da ya buɗe rumbu ya yanka akuya, ya juyo da fuskarsa ɗan gefe da inda nake don ba ya ganina.

Na ce, "A'a, Baba. Taki na cika musu. Tun kafin gayya sun fara mutuwa, ɓoyewa na yi."

Ya sauke numfashi mai tsawo. "Alhamdulillahi" ta kuɓuce masa, sai ya ji kunya ya yi gyaran murya. Ya ce, "To. Magana tana nan yadda muka yi."

Ni kaɗai na cike ramin, ba gayya. Yaya ya dasa rakensa, ya kuwa yi kyau, don ƙasar ta sha taki. Bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya mutu, ni ma ban taɓa yafe masa shirun da ya yi a zauren nan ba, ko da yake ni na zaɓa. Na ci gaba da karɓar awo daga hannunsa shekara da shekaru.

Baba bai ga wata bazarar ba. Da ciwo ya kwantar da shi, wata safiya bayan an ba shi kunu ya sa aka kira mu ɗaya bayan ɗaya. Da na shiga ya kama hannuna ya riƙe.

"Kai yaron kirki ne, jin magana ce ba ka yi," ya ce. "Asarar da ka jawo mana a fadamar nan, na yafe maka duniya da lahira."

Na ce, "Na gode, Baba."