Rizab ɗin Baba Shekari

Duk wanda ya zauna Trikania ta Kaduna a shekarar da sojoji suka koma bariki ya san Baba Shekari, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai sanƙo da ake gani a bakin titi yana tura sabon babur, gumi na zuba, yana gaida mutane da fara'a kamar tuƙi yake yi.

Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a ƙasar Kachia ya kama aiki a masaƙa a Kakuri, bai bar ta ba sai da furfura ta kama gemunsa. Da aka sallame shi ya sayi jan babur, abin da ya daɗe yana mafarki. Mai shagon ya nuna masa ɗan makunnin da ke ƙarƙashin tanki, ya ce idan mai ya ƙare a hanya sai ya murɗa shi zuwa rizab, akwai ɗan saura da zai fitar da shi daga wahala.

Kalmar wahala ce kawai ta shiga kunnen Baba Shekari. Da isarsa gida ya naɗe makunnin da leda, ya ɗaure da roba, ya tara iyalinsa ya ce wannan man ranar wahala ne, kada wanda ya ko kalle shi.

Daga nan fa, duk inda babur ya yi tari ya mutu, sai ya sauka ya kama turi. 'Yan acaɓa su rage gudu su ce, "Baba, sa rizab mana!"

Ya ce, "Wannan ai ba wahala ba ce, motsa jiki ne. Farar hula sun zo, amma wa ya san gobe?"

Wadda ta fi jin jiki ita ce matarsa Hadassah, Maman Becky, shugabar Zumuntar Mata a cocinsu kuma mai buga musu tulu idan suna waƙa. Ta sha tafiya a ƙasa bayan babur, da takalmin zuwa coci a hannu. Wata rana ta tambayi maƙwabcinsu Sylvanus, wani ɗan acaɓa, ko man rizab ɗin nan daban yake da sauran. Sylvanus ya ce, "Mama, tanki ɗaya ne. Ƙasan tanki ne kawai, kamar ƙanzon tukunya." Da safe, mijinta na wanka, ta kwance ledar, ta murɗa makunnin, ta mayar da ɗaurin yadda yake.

A makon nan babur bai tsaya ba. Ya je Unguwar Mu'azu gaisuwa ya dawo, ya je kasuwa ya dawo. Baba Shekari ya riƙa gaya wa dattawan coci cewa tun da aka rantsar da sabuwar gwamnati hatta fetur ya ƙara auki.

Ranar Asabar aka yi babban taron Zumuntar Mata a Kakau. Maman Becky ta sha anko, ta hau baya rungume da tulunta. Ta ce, "Baban Becky, mu ɗan sha mai kafin mu fita gari."

Ya ce, "Da wannan layin na gidan mai? Bar shi, man dimokuraɗiyya ne a ciki."

Sun yi nisa a hanyar Abuja, ba gida ba shago sai gonakin masara, babur ya yi tari, ya yi shiru. Baba Shekari ya sauka. Ya dubi rana, ya dubi matarsa da tulu, ya tuna cewa mata ba za su fara waƙa ba sai ta isa. Sai ya cire hula.

"Maman Becky, aikin Ubangiji ne. Yau ce ranar."

Ya yi addu'a mai tsawo, ya gode wa Allah da ya ba shi haƙurin turi duk watannin nan, har ya ambaci Yusufu da rumbunan Masar. Amin ɗin Maman Becky a ciki-ciki ya fito. Ya durƙusa ya kwance ledar a hankali, sai ya tarar da makunnin ya riga ya kalli rizab. Ya girgiza babur ya kara kunne a tanki, ko motsi babu.

"An yi mini sata!"

"Ba a yi maka sata ba. Ni na murɗa."

"Ke? Man ranar wahalar tawa?"

"Ƙafafuna sun riga ka ganin ranar. An yi abin nan ne don ya kai mutum gidan mai, ba don a bar wa jikoki gado ba. Da ka tsaya da na ce ka tsaya, da yanzu ina buga tulu."

Baba Shekari ya juya kan babur ɗinsa. Ya kwantar da babur a gefe ko ɗigon da ya rage zai gangaro, ya tashe shi ya taka kik. Babur ya yi ƙara, ya zabura shi kaɗai ya faɗa cikin masarar mutane, ya sake mutuwa.

Wata akori-kura mai ɗauke da awaki ce ta tsaya musu. Maman Becky ta hau baya, tulu a cinya, wani bunsuru na taunar ɗankwalinta, haka ta shiga Kakau mata suna guɗa. Baba Shekari ya ƙi barin babur, ya turo shi har can, ya isa ana wanke tukwane.

Bai yi mata magana ba sai da yunwa ta sasanta su ranar Litinin. Daga nan ya yarda yana murɗa rizab, har yana koya wa wasu amfaninsa kamar shi ya ƙirƙiro. Sai dai ya samo kwalba ya cika da fetur ya ɗaure a bayan babur, ya ce wannan ita ce ta ainihin ranar wahala. Har tsufa ya sa ya daina hawa, ba a taɓa ganin ya buɗe ta ba. Rizab na ƙarewa sai ya sauka ya kama turi, kwalbar na karkaɗawa a bayansa.