Farin Farantina a Ƙarƙashin Teku

Ɗana ya ɗauke mini faranti ya kai shi ƙarƙashin teku bai tambaye ni ba, kuma har yau da nake wannan rubutu ban ce masa na yafe ba. Na ƙarfe ne mai farin fenti, da ɗan tabo a baki inda ya taɓa faɗuwa. A kansa nake zuba wa baƙi dabino. Na neme shi har na zargi maƙwabciyata a zuci, Allah ya yafe mini wannan.

Lokacin muna zaune a unguwar Ƙuba ta Madina, bayan wata tsohuwar gonar dabino. Ɗan nan shi kaɗai Allah ya bar mini. Ya koyi ɗaukar hoto a wani shago kusa da Harami, da aka fara manyan gine-gine a bakin ruwan Yanbu sai wani kamfani ya ɗauke shi, ya koya masa nutso, yana ɗauko musu hoton ƙasan teku kafin su kafa ginshiƙai. Na ƙi. Mun yi wata muna ja. Abin da ya sa na sake shi, ya rantse mini akwai igiya ɗaure a ƙugunsa, ɗayan bakin yana hannun mutum a cikin kwalekwale, da ya ja ta za a fito da shi. Da wannan igiyar hankalina ya kwanta har nake iya cin abinci.

Ni na san teku. Ina ƙarama muka ƙetaro daga Sawakin ta Sudan a jirgin katako, zazzaɓi ya kashe ƙanena a tsakiyar ruwa. Aka naɗe shi a farin mayafin innarmu, aka ɗaura masa dutse, aka zura shi. Na leƙa ina kallon farin yana ƙanƙancewa har baƙi ya haɗiye shi. Innarmu ta rayu ta tsufa a Madina, amma duk lokacin da ta wuce ta gefen maƙabartar Baƙi'a sai ta tsaya ta ce, “Kowa da kabarinsa, ban da nawa ɗan.” Mu da muka taka ƙasa da ƙafa don a binne mu a garin Manzo, ga shi ɗana yana neman abinci a inda ba a samun gawa.

Wata Juma'a ya zo hutu, bayan la'asar ya baje hotuna a kan darduma yana ta washe baki. Ni a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai da na yi furfura na shiga makarantar manya, amma hoto ba ya buƙatar malami. Hotunan duk baƙi ne, yashi baƙi kamar gawayin da aka daka. A tsakiyar ɗaya sai ga wani farin abu zagayayye, da tabo a baki.

Na ce, “Kai, wannan ba farantina ba ne?”

Ya ƙyalƙyale da dariya. “Ya Ummi, wallahi farantinki ya fi ni aiki! Ma'alesh, yi haƙuri.”

“Ma'alesh ɗin gidanku. Me ya kai shi can?”

Sai ya gyara zama, ya shiga yi mini karatu, rabi Hausa rabi Larabci. Ya ce baƙin yashi yana ruɗa kyamara, sai ta ɗauka dare ne ta buɗe ido da yawa, hoto ya fito fari fes ba komai. Idan ya ajiye farantin ya auna haske a kansa, sai ta dawo hankalinta. Ya ce fitila ba a saita ta gaba, sai a gefe, a ƙarshen wani dogon ƙarfe, in ba haka ba duk ƙurar ruwan za ta haska kamar an watsa gari. Babban abokin gaba kuma shi ne yashin kansa. Da ka taɓa shi da ƙafa ya tashi, sai ka daina ganin tafin hannunka. Don haka mutum yakan kwanta a ruwa bai taɓa ƙasa ba, ya riƙe numfashi, sannan ya danna.

“Ka riƙe numfashi,” na ce.

“Shwayya, kaɗan kawai, ya Ummi.”

Na ɗauki hoton na matsa bakin ƙofa inda haske yake. A can gefe, bayan farantin, wani abu ne kwance a kan yashin, ya lanƙwashe kamar maciji, bakinsa a sake.

“Wannan fa?”

Ya shiga tattara sauran hotunan.

“Da kai nake. Wannan igiyar ta waye?”

Ya ce, yana kallon darduma, igiyar takan ja yashi idan ruwa ya kaɗa ta, ta ɓata masa hoto. Yakan kwance ta ya ɗora mata dutse, in ya gama ya ɗaura.

“In yashin ya tashi ka daina ganin tafin hannunka, da wane idon za ka nemo ta?”

“Ina sanin inda take.”

“Shi kuma na kwalekwalen yana zaune yana riƙe da dutse, yana cewa ɗana ne.”

Na zauna a dokin ƙofa. Duk watannin nan da nake sallah ina roƙon Allah ya ƙarfafa hannun mai riƙe da igiya, ashe dutse nake wa addu'a. Na sake duba hoton, farin faranti a cikin baƙi, sai na ga mayafin innarmu yana sauka. Aka kira magariba, na ɗauki buta na yi alwala.

Ya biyo ni yana cewa, “Halas, shi ke nan, ya Ummi, ba zan ƙara ba.” Wannan bakin ne ya rantse mini da farko.

Da asuba, yana masallaci, na buɗe jakarsa na ciro farantina. Na ɗaure kayana a ɗankwali, na bar wa maƙwabciyata mabuɗi, na riga shi zuwa tasha. Da ya iso ya same ni zaune a motar Yanbu, ta hanyar Badar, farantin a kan cinyata.

Ya ce, “Ina za ki?”

Na ce, “Wurin mai kwalekwalen. Daga yau ni zan riƙe igiyar, kuma ina jin ta yi nauyin dutse zan sa a fito da kai ko ka danna ko ba ka danna ba. Shigo, kana tsayar da mutane.”