Jirgin da Aka Hana Tashi

A makon bikin 'yancin kai, Turawan kulob ɗin Bauchi sun shirya gasar ƙananan jirage, irin waɗanda ake sarrafawa daga ƙasa da akwatin rediyo. Har da rukunin 'yan koyo: ka tashi, ka yi alkafura ɗaya, ka sauka lafiya.

A bakin ƙofa ga wani dogon mutum tsaye, cikin wankakken kaki mai tabon baƙin mai. Ya rungume jirginsa a ƙirji, fentinsa kore da fari. Ina jin makanike ne, wataƙila wani Bature maigidansa ne ya bar masa tsohon akwatin rediyo da zai koma gida.

"Malam, rukunin 'yan koyo nake so," in ji shi.

Akawun ƙofa ko ɗaga kai bai yi ba. "Na 'yan kulob ne, baba."

"Ba an ce ƙasar ta zama tamu ba?"

"Ƙasar dai. Filin nasu ne."

Makaniken ya koma bayan wayar da ta kewaye filin ya tsuguna cikin rana. Da jirgin wani Bature ya faɗo ya karye, shi aka ƙwala wa kira ya zo ya gyara. Kuma ya tashi ya je.